Yadda Aka Binciko Maganin Kuturta

Duk wanda ya taɓa buɗe tsohon littafin rajista na wani asibitin kutare, ko a ƙasar Nijar ko a Nijeriya, ya san kamanninsa. Ga sunan mutum, ga garinsu, ga ranar da ya zo, sa'an nan layi bisa layi na alluran da aka yi masa, mako mako, shekara da shekaru. A ƙarshen shafi akwai ɗan wuri inda a ke rubuta yadda ta ƙare da shi: an sallame shi, ko ya gudu, ko ya rasu. Diresoshi da malaman asibiti waɗanda suka cika littattafan nan ba su ɗauki kansu masu bincike ba, aikin da aka sa su su ke yi. Amma daga irin waɗannan littattafai ne, na ƙasashe dabam dabam, aka gane abin da kuturta ta ke, aka kuma rarrabe maganin da ke aiki da wanda ba ya yi. Tun da ya ke jinyar masu wannan ciwo tana cikin ayyukan fari na mishan a ƙasashenmu, ya kamata littafin jubili ya ba da labarin, har da wuraren da ba su da daɗin ji. Gama ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, lissafi ya ƙaryata abin da mutanen kirki suka gaskata da zuciya ɗaya.

Labarin bai soma a Afirka ba, ko a Indiya. Ya soma a Norwe, ƙasa mai tsananin sanyi can arewacin Turai, inda kuturta ta yi yawa a cikin matalautan masunta da manoma na bakin teku. A shekara ta 1856 gwamnatinsu ta umarta a rubuta kowane mai ciwon a littafi guda, aka sami fiye da mutum 2,800. Wannan shi ne littafin rajista na fari a duniya da wata ƙasa ta buɗe domin cuta guda ɗaya. Babban likitan kuturta na birnin Bergen a lokacin, Daniel Danielssen, ya tsaya a kan cewa ciwon gado ne, kamar dai yadda iyayenmu su ke faɗi. Ba da baki kaɗai ya tsaya ba. Ya ɗebi abin da ke cikin ƙurajen majinyata ya tsaga jikinsa ya sa, ya yi haka sau da dama, bai kuwa kamu ba. Ina sauran gardama? Ashe akwai. Wani saurayin likita da ke aiki ƙarƙashinsa, Armauer Hansen, wanda kuma ya auri 'yarsa, ya bi ƙauyuka yana tambayar asalin kowane gida, yana gwada abin da ya ji da abin da ke cikin littafi. Ya tarar da mutane da yawa waɗanda babu ciwon a zuriyarsu, sai dai sun zauna gida ɗaya da mai shi. A cikin Fabrairu 1873 ya ga ƙwayar cutar da idonsa a madubin likita, ƴar siririya kamar tsinke. Daga baya har Amurka ya tafi domin ya duba 'ya'ya da jikokin mutanen Norwe masu ciwon da suka yi ƙaura can, ya same su lafiya lau. In da gado ne, da ya bi su.

Akwai wani abu da Hansen ya yi wanda ba za a ɓoye ba. Ƙwayar ta ƙi girma a cikin kwalba, ta ƙi kama dabba, abokan gardama kuwa suna ta cewa ya kawo shaida. A 1879 ya ɗauki wuƙar fiɗa wadda ya taɓa ƙurjin wani majinyaci da ita, ya sa a idon wata mace da ke jinya a asibitinsa, ba tare da ta yarda ba. Matar ta kai ƙara. A 1880 shari'a ta raba shi da aikin asibitin, ko da ya ke an bar masa matsayinsa na babban likitan kuturta na ƙasa. Talaka ce, ba ta da kowa, amma alƙali ya ga jikinta nata ne. Tun daga ran nan tambayar ta ke biye da kowane mai bincike: an gaya wa majinyaci abin da za a yi masa? Ya yarda?

Da aka tabbata ciwon na yaɗuwa ne, abin da ya biyo baya ba jinƙai ba ne, keɓewa ce. Babban taron likitoci na Berlin a 1897 ya goyi bayan a ware masu ciwon daga jama'a. Tun kafin wannan, daga 1866, ana kwashe su a tsibiran Hawai ana kai su Molokai. A 1906 aka buɗe tsibirin Culion a ƙasar Filifin domin wannan. Abin da ba a sani ba a lokacin shi ne, a cikin mutum 100 wajen 95 jikinsu yana kashe ƙwayar da kansa, ko da sun shaƙe ta. Shi ya sa Danielssen bai kamu ba. Tsoron a kama mutum a raba shi da iyalinsa har mutuwa ya sa masu tabo suka riƙa ɓoye shi ƙarƙashin riga sai ciwo ya ci ƙarfinsu. Mu masu wa'azi ma muna da namu rabo cikin wannan tsoro. Kalmar Ibrananci wadda aka juya da "kuturta" a cikin Littafin Firistoci ta ƙunshi cututtukan fata iri iri, har da tabon da ke fitowa a tufa da bangon ɗaki, masana kuwa sun yarda ba wannan ciwo na Hansen a ke nufi ba. Amma sau nawa aka tsaya bisa bagadi aka mai da ciwon maƙwabcinmu misalin zunubi, shi kuwa yana zaune a bayan ɗakin sujada yana ji?

Zamanin man allura

Maganin da aka dogara gare shi shekaru masu yawa shi ne man calmugra, wanda a ke tatsa daga ƙwallon wani itace na Indiya da Burma. Mutanen can sun daɗe suna amfani da shi. Wani likitan Ingila a Bengal, Frederic Mouat, ya ba da labarinsa ga Turawa a 1854. In an sha shi sai amai, in an yi allurarsa kuwa kauri gare shi, yakan taru ƙarƙashin fata. A 1915 wata budurwa baƙar fata ta Amurka, Alice Ball, malamar harhaɗa magunguna a Hawai, ta gano hanyar sarrafa shi ya tsinke ya shiga jiki. Ta rasu a 1916 tana da shekara 24, wani ya ci gaba da aikin ya sa sunansa, sai daga baya aka mayar mata da hakkinta. A Kalkata kuma Leonard Rogers ya yi nasa gyaran, ya kuwa gaskata da man ƙwarai, har a 1924 shi da abokansa suka kafa ƙungiyar BELRA da begen kawar da ciwon daga ƙasashen da Ingila ke mulki.

Bisa wannan bege aka gina garuruwan jinya na yankinmu. An buɗe Itu a 1928, Garkida a 1929, Uzuakoli a 1932. A 1937 mishan ta SIM ta karɓi aikin kutare na lardunan Kano da Katsina da Sakkwato bisa yarjejeniya da hukumomin gargajiya, daga nan sunayen Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa suka zama sanannu. A wajen Faransa kuwa an buɗe babbar cibiyar kuturta a Bamako a 1935, wadda daga baya aka ba ta sunan Marchoux. Tsofaffin da suka sha allurar man nan ba su manta da ita ba. Ana bin tabo ana tsattsaga shi da ɗan mai kaɗan kaɗan, wuri bayan wuri, sau ɗaya ko sau biyu a mako, wani lokaci wurin ya kumbura ya yi ƙurji. Sun daure domin an ce musu za su warke, waɗanda su ke yi musu allurar kuwa ba yaudara su ke yi ba, su ma sun gaskata.

To, an warke? Kowace shekara ana yin bikin sallama, ana ba waɗansu takardar shaida, ana aika hotonsu ga masu ba da taimako. Sai da aka riƙa bin sawun waɗanda aka sallama, a Hawai da Filifin da sauran wurare, aka ga da yawa suna komowa da ciwon. Ga asirin abin. Kuturta ba iri ɗaya ba ce. Akwai mai tabo ɗaya ko biyu, ƙwayoyin cuta kaɗan ne a jikinsa, irin wannan sau da yawa yakan warke don kansa, ko da magani ko babu. Akwai kuma mai ƙuraje, wanda fuskarsa da kunnuwansa ke kauri, jikinsa cike da ƙwayoyin, shi kuwa man bai cika taɓa shi ba. Da ya ke kowa aka yi wa allura, ba a bar wani rukuni da za a gwada da shi ba, sai man ya karɓi yabon aikin da jiki ya yi, da na tuwo mai kyau da wurin kwana mai tsabta. A 1942 Likita George McCoy na Amurka ya tattara abin da aka rubuta, ya ce bai ga shaida mai ƙarfi ba cewa man yana warkarwa. Magana ce mai ɗaci ga waɗanda suka ba da ƙuruciyarsu ga sirinji, amma gaskiya ce.

Ƙwayar dafson

Maganin gaskiya ya daɗe a ajiye ba a san shi ba. Tun 1908 waɗansu Jamusawa biyu, Fromm da Wittmann, suka harhaɗa dafson, ba don magani ba. A 1937 aka gwada shi a jikin ɓeraye a Ingila da Faransa, aka ga yana kashe waɗansu ƙwayoyin cuta, amma da aka ba mutane giram ɗaya ko biyu a yini sai ya ɓata musu jini, aka ce guba ne, aka ture shi gefe. Wani kamfani a Amurka ya yi masa kwaskwarima ya fitar da Promin, wanda ya fi sauƙi ga jiki. A Maris 1941 Likita Guy Faget na asibitin Carville a Luwiziyana ya soma yi wa waɗansu majinyata allurarsa a jijiya, da yardarsu. Watanni suka wuce kafin a ga kome. Sa'an nan gyambuna suka fara ƙafewa, ƙuraje suka kwanta, waɗanda muryarsu ta dushe suka sake magana sosai. Ya buga labarin a 1943: cikin mutum 22, 15 sun sami sauƙi a fili.

Amma allura a jijiya kowace rana, da tsadarta, ina za ta kai ga manomin Gobir ko na Damagaram? A nan ne Afirka ta Yamma ta shiga labarin da ƙarfinta. A Indiya Likita Robert Cochrane ya ji ana yi wa shanu allurar dafson tsantsa saboda ciwon hantsa, ya samo shi ya gwada wa majinyatansa ta allura. A Uzuakoli kuwa, a ƙasar Ibo, Likita John Lowe da abokin aikinsa Michael Smith suka auna jinin majinyata, suka ga magungunan nan masu tsada, in sun shiga jiki, dafson su ke komawa. Sai Lowe ya ce, watakila laifin ba na maganin ba ne, na yawan da aka ba da ne. Ya soma da ɗan kaɗan ta baki, yana ƙarawa sannu sannu, yana duban jini, yana rubutawa. Ɗan kaɗan daga abin da aka ba da dā ya isa. Ya buga sakamakon a 1950. A daidai wannan lokaci waɗansu likitoci a Birazil da Giyana ta Faransa suka kai ga abu guda, kowa a wurinsa, wannan kuwa ya ƙara tabbatar da shi.

Ƙwaya ƙarama, mai araha, wadda ba ta lalacewa da zafi, ta juya aikin gaba ɗaya. Ba lalle mutum ya bar gonarsa da matarsa ya tare a garin jinya ba. A Nijeriya ta Arewa Likita Charles Ross ya shimfiɗa tsarin ba da magani mako mako a ƙauyuka tun farkon shekarun 1950, malamin kuturta ya zo bisa keke, a taru a gindin itace ko a ɗakin shan magani, ya kira suna, kowa ya haɗiye nasa a gabansa. A ƙasashen Faransa ƙungiyoyin likita masu yawo suka riƙa zagawa da mota da keke, suna raba ƙwayar da sunan Disulone, ko su yi allurar dafson sau biyu a wata bisa tsarin Likita Laviron na Bamako. A cikin wannan zamani, a 1956, aka buɗe asibitin Danja kusa da Maraɗi. Mutanen da dā su ke ɓuya suka fito da yawa har lissafin masu ciwon ya hau maimakon ya sauka, waɗansu suka tsorata, alhali kuwa alama ce mai kyau.

Ina yatsun su ke tafiya?

Dafson yana kashe ƙwayar cuta, amma bai hana yatsu guntulewa ba, har a jikin waɗanda aka ce sun warke. Kowa ya ɗauka ciwon ne ke cin nama. Wanda ya warware wannan shi ne Paul Brand, likitan fiɗa, ɗan mishan da aka haifa a Indiya, wanda ya soma aiki a asibitin Vellore a 1946. Ya aika da naman yatsun majinyata a duba a madubi, aka ce masa naman lafiyayye ne, jijiyoyin da ke kai labarin zafi su ne suka mutu. Sai ya sa aka riƙa duban hannuwa da ƙafafun samarin da ke koyon sana'a a wurinsa kowace rana, ana zana hoton hannu a takarda, kowane sabon rauni sai an nemi dalilinsa. Wannan ya riƙe ƙotar fartanya mai tsaga, yini guda bai ji ba. Wannan ya ɗauki tukunya daga wuta. Wancan ƙusa ta huda takalminsa ya yi ta tafiya a kanta. Saura guda ya gagare su: waɗansu sukan farka da safe su ga gefen yatsa ya tafi, babu kuwa guntun a shimfiɗa. Da aka yi tsaro da dare sai aka kama ɓarawon. Ɓeraye ne ke gaigayar yatsun, mai barci bai ji ba balle ya janye hannu. Daga nan aka shigo da kyanwoyi, har wanda aka sallama akan haɗa shi da ɗan kyanwa ya tafi da shi gida.

Ni a ganina babu binciken da ya fi wannan amfani ga talaka, gama ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Daga gare shi aka sami koyarwar da a ke yi har yau a wuraren jinya: a jiƙa ƙafa a ruwa, a goge kanta, a shafa mai, a duba tafin ƙafa kowane maraice kamar yadda a ke duban jariri, a naɗe ƙotar kayan aiki da tsumma, a sa takalmi mai taushin ciki wanda ba ƙusa. Brand ya kuma gwada cire jijiyar tsoka mai rai ya dasa ta inda ta mutu, hannun da ya ƙandare ya sake buɗewa ya kama alƙalami.

Sa'ad da ƙwayar ta daina ji

Wajen shekara 15 ana murna da dafson. Amma magani ne mai nawa, mai ƙuraje sai ya sha shi shekaru, sau da yawa har iyakar ransa. Mutum kuwa ɗan adam ne: damina ta zo, hanya ta yanke, ko ya ga tabo ya ɓace ya daina zuwa. Har wa yau a shekarun 1960 waɗansu likitoci suka rage yawan maganin ƙwarai, da kyakkyawan nufi, domin su sauƙaƙe zazzaɓi da kumburin jijiya da kan taso wa majinyaci a tsakiyar jinya. Sai aka soma ganin waɗanda suka yi shekaru da sauƙi ciwo yana komo musu. Aka ce ba sa shan magani ne. An zargi mutane da yawa a kan abin da ba laifinsu ba.

Abin da ya hana a gane da wuri shi ne, ƙwayar kuturta ba ta girma a kwalba, har yau kuwa ba a iya ba. A 1960 Charles Shepard na Atlanta ya tuna ƙwayar tana son wurare masu sanyi a jiki, kamar hanci da kunne da yatsu, sai ya sa ta a tafin ƙafar ɓera, ta kuwa yaɗu. Nawarta ta ba da mamaki, gama takan yi wajen kwana 12 ko 13 kafin guda ta zama biyu, shi ya sa ciwon kan yi shekara 5 a ɓoye, wani har 20. Da wannan dabara Pettit da Rees suka nuna a 1964, a asibitin Sungai Buloh na Malesiya, cewa akwai ƙwayoyin da dafson ba ya kashewa ko kaɗan. A shekarun 1970 Likita John Pearson a Adis Ababa ya tarar abin ya yi nisa, har akwai sababbin majinyata waɗanda ba su taɓa shan maganin ba amma irin ƙwayar nan mai taurin kai suka ɗauka. Aikin shekara 30 yana shirin rushewa.

Allah ya sa akwai waɗansu magunguna biyu a hannu. Na ɗaya, kilofazimin, Vincent Barry da abokansa ne suka harhaɗa shi a Dublin domin tarin fuka, bai yi abin da aka so ba. Stanley Browne, wanda ya yi fiye da shekara 20 yana likitan mishan na Baftis a Yakusu ta ƙasar Kwango kafin ya koma Uzuakoli, shi da Likita Hogerzeil suka gwada shi, suka buga labarin a 1962. Yana aiki, yana kuma kwantar da kumburi, sai dai yakan rina fata ta yi duhu har a gama sha, abin da ya sa waɗansu majinyata masu hasken fata su ke ƙinsa. Na biyu, rifamfisin, daga Italiya ya fito, a 1970 aka nuna yana kashe kusan dukan ƙwayoyin cikin 'yan kwanaki. Aka shiga gwada haɗa su a Bamako da Chingleput ta Indiya. Ba a jira ƙarshen gwajin ba, gama wuta ta riga ta kama. A Oktoba 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tara masana a Janiba, suka ba da shawara kada a ƙara ba da dafson shi kaɗai: mai tabo kaɗan ya sha haɗin magani wata 6, mai yawa wata 24. Ƙwayar da ta kuɓuce wa ɗaya, ɗayan zai kama ta. Daga baya, da littattafan rajista suka nuna masu komowa kaɗan ne ƙwarai, aka rage wata 24 zuwa 12. Tun 1995 kyauta a ke ba da maganin a duniya duka, da fari da kuɗin wata gidauniya ta Japan, daga 2000 kuwa kamfanin Novartis ke bayarwa.

A kan rigakafi labarin ya fi rikitarwa, ya kuma nuna dalilin da ya sa ba a gwada abu a ƙasa ɗaya a ce an gama. Allurar BCG, wadda a ke yi wa jarirai domin tarin fuka, an ga alamar tana tsare kuturta. Aka gwada ta a kan yara a lardin Teso na Yuganda tun daga 1960, ta tsare wajen kashi 80 cikin 100. Aka gwada a Burma, wajen kashi 20 kaɗai. A Karimui ta Niyu Gini da Karonga ta Malawi ta tsare kusan rabi. Allura guda, amsa dabam dabam, har yanzu kuwa masana suna gardama a kan dalili. A Bangaladash kuma aka bi mutum fiye da 21,000 waɗanda ke zaune kusa da masu ciwon, aka ba rabi rifamfisin sau ɗaya tak, aka ba rabi ƙwaya marar magani, ba wanda ya san wadda ya sha. Sakamakon da aka buga a 2008 ya nuna ragin kashi 57 cikin 100 a shekara biyu na fari, bayan haka bambancin bai ƙaru ba. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi wannan hanya. Dubi nisan da ke tsakanin wannan gwaji da zamanin man calmugra, lokacin da ba wanda ya yi tunanin ajiye rukuni na biyu.

Saura lissafi guda wanda ya kusa ruɗin mu. A 1985 akwai fiye da mutum miliyan 5 a littattafan jinya na duniya. A 1991 ƙasashe suka ɗauki alkawari za su sauko da masu ciwon ƙasa da mutum 1 cikin 10,000 kafin shekara ta 2000, an kuwa cika shi a lissafin duniya gaba ɗaya. Nijeriya ta kai wurin a 1998. Amma abin da a ke ƙirgawa shi ne waɗanda ke cikin littafi suna shan magani. In ka gajarta jinya daga shekaru zuwa watanni, ka kuma share sunayen waɗanda suka gama, dole littafi ya rame, ko da sababbin kamuwa ba su ragu haka ba. Gwamnatoci da masu ba da taimako suka ji an ce an kawar da kuturta, suka juya wajen waɗansu cututtuka, malaman asibiti masu gane tabo da gwajin auduga suka tsufa, ba a koya wa na bayansu sosai ba. A 2023 an rubuta sababbin majinyata fiye da 180,000 a duniya, mafi yawa a Indiya da Birazil da Indunusiya, da yara a cikinsu, watau ciwon yana yaɗuwa ke nan har yanzu, ta hanci da numfashi, a wurin zaman tare mai tsawo da wanda bai soma magani ba. A 2024 aka shaida ƙasar Jodan ta zama ta fari da ta rabu da shi sarai. A wannan shekara kuma maganin ya yanke a Nijeriya wajen shekara guda saboda jinkirin takardun shigo da shi, bai iso ba sai a Maris 2025, majinyata suna jira, jijiyar da ta mutu a cikin jiran nan kuwa ba ta komowa.

Masu bincike kuma sun tarar ƙwayar ba a jikin mutum kaɗai ta ke zaune ba. Tun 1971 aka san tana kama amadilo, wata dabbar Amurka mai ɓawo a baya kamar sulke. A 2016 aka same ta a jikin kuregun Birtaniya, a 2021 kuma aka ba da labarin manyan biran daji masu ƙurajen kuturta a Gini Bisau da Kwaddibuwa, a dazuzzukan da ba a san sun yi cuɗanya da mai ciwon ba. Daga ina suka samo ta, wannan shi ne abin da a ke bin sawunsa yanzu.